Jagora ga mai injin casar shinkafa a Kebbi: yadda riƙon amana da kula da muhalli ke jawo ciniki

Uwargidan da ta tsaya gaban mai awo a babbar kasuwar Birnin Kebbi tambaya uku take yi: nawa ne tiya, akwai tsakuwa, tana da auki? Ba za ka ji ta tambayi inda injin da ya casa shinkafar yake zubar da ruwan jiƙo ba, balle nawa ya biya manomin Suru ko Augie. Wannan ne ya sa masu injin da yawa suke ɗaukar maganar kula da muhalli da haƙƙin al'umma a matsayin surutun manyan kamfanoni. Sun yi kuskure. Maganar tana isa kunnen mai saye, sai dai ba ta allon talla take bi ba. Ta cikin buhu take bi, ta bakin mai awo, ta bakin maƙwabcin injin da ɗan dakon da ya yi lodi.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, aka fito da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a Disamba 2016, sannan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, injinan casa sun yawaita a jihar. Ga Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injina a Jega, Kamba, Yauri da sauran garuruwa. Mai saye yana da zaɓi. Kuɗi ne farkon abin da yake dubawa, kada wani ya ruɗe ka a kan wannan. Halin kamfani yana yin tasiri ne a wuri biyu: idan farashin buhu biyu ya yi kusa, da kuma idan mummunan labari ya fita. Na biyun ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A Disamba 2016 da kwastam suka kama buhu 102 a Legas aka ce shinkafar roba ce, gwaji ya nuna ba roba ba ce, ƙwayoyin cuta ne suka yi mata yawa, amma jita-jitar ta daɗe tana yawo a kasuwanni bayan an ƙaryata ta.

Don haka jerin matakan nan da gangan aka tsara shi. Wanda ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse alhali buhunsa kilo 47 ne, ya yi asarar kuɗin rijiyar.

Mataki na farko: tambayi masu sayenka, amma ka iya tambaya

Masu sayenka kashi uku ne. Akwai magidanci mai sayen buhu ko rabi, akwai mai awo da dillali, akwai kuma manya: makarantun kwana, gidajen abinci, ƙungiyoyin agaji, 'yan kasuwar da ke loda tirela zuwa kudu. Zaɓi mutum 20 daga cikinsu. Kada ka ce "kana son kamfani mai taimakon jama'a?", kowa zai ce e, gobe kuma ya sayi mai araha. Ce masa: "Alhaji, wace shinkafa ce ka daina ɗauka, me ya faru?" Amsar da ta maimaitu sau biyar ko shida, daga nan za ka fara gyara.

Mataki na biyu: abin da ke cikin buhu

Nauyi. Mai awo ba ya buƙatar sikeli kafin ya gane an tauye shi. Ya san tiya nawa buhun kilo 50 yake ba shi, kuma ribarsa duka a tiya ɗaya ko biyun ƙarshe take. Ranar da ya juye buhunka ya ga ba ta kai ba, ba zai kira ka ba, zai dai fara ce wa masu saye "waccan ta ƙare, ga wannan ta fi". Ka ajiye ma'aunin gwaji na kilo 10 ko 20 da aka tabbatar, ka ɗora shi a kan sikelinka kowace safiya kafin a fara ɗinki. Ka cire nauyin buhun kansa. Daga kowane buhu 50 ka janye ɗaya ka sake aunawa, wani daban ya auna, ba wanda ya cika ba.

Sau da yawa tauyewar ba ta sikeli ba ce, ta danshi ce. Lissafin mai sauƙi ne: buhun kilo 50 da aka ɗinke da danshi kashi 18 cikin ɗari, idan ya bushe ya sauko kashi 14, saura kilo 47.7. Kai ka san ka auna 50, mai saye kuma ya karɓi abin da bai kai 48 ba, ga wari, ga fumfuna a tsakiyar buhu idan damina ce. Na'urar gwajin danshi ta hannu ta fi cizo da haƙori. Kada ka casa, kada ka ɗinke, sai ta nuna kashi 13 zuwa 14. Wannan ba sabuwar magana ba ce a wurinmu. Hadisin da Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji jiƙa a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kowane mai awo ya san shi, kuma da shi yake auna ka.

Tsakuwa kuwa a wurin shanya take shiga, ba a gona kaɗai ba. Shanya a gefen kwalta tana kwaso yashi, kashin awaki da baƙin mai. Shimfiɗa tampol ko ka yi daɓen siminti, kaurin shanyar kada ya wuce santimita 5, a riƙa juyawa bayan kowane rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan ta kusa bushewa a janye ta inuwa ta ƙarasa, domin rana mai zafi a ƙarshen shanya ita ke tsattsaga ƙwaya, a injin sai ta kakkarye. Injin cire tsakuwa yana aiki ne idan ana share rariyarsa kuma ba a cika masa lodi ba. Wanda ya saye shi ya bar shi da ƙura wata uku, sunan yana da shi ne kawai.

Magani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari na fiya-fiya, a 2019 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa. Mutane sun ji waɗannan labaran, shi ya sa za ka ga mace ta ɗebi hatsi ta kai hanci kafin ta taya. Kada a fesa maganin ruwa a kan abinci ko a kan buhun da abinci ke ciki. Idan ƙwari sun shiga sito, ƙwayar turaren da ake kira bom aikin ƙwararre ne: a rufe da tampol ta yadda iska ba ta fita, a naɗe ƙwayar a takarda ko tsumma don a kwashe tokarta, a bar shi kwana 5 zuwa 7, a buɗe ya sha iska, kuma ba a ɗakin da mutum ke kwana ko jikinsa ba. Tururinsa yana kisa. Ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, da fitar da tsohon kaya kafin sabo, suna rage buƙatar maganin tun farko.

Sai buhun kansa. Zuba shinkafar gida a buhun 'yar waje, ko a buhun wani kamfani da aka sayo hannu na biyu, yana iya ƙara maka 'yan kuɗi yau, amma duk yabon da shinkafarka ta samu wani ka tara wa. Buga naka, da sunanka, adireshi, lambar waya, nauyi, lambar rajistar NAFDAC, ranar casa da lambar rukuni, wato lambar da ke nuna buhunan da aka casa tare. Lambar rukunin nan za ta yi maka rana, za mu zo kanta.

Mataki na uku: manomin da ya kawo shanshera (shinkafa mai ɓawo)

Wani zai ce ina ruwan mai saye da yadda na yi da manomi? Ruwansa yana cikin tukunya. Manomin da ya san za a danne shi a awo shi ma yana da dabararsa: ya yayyafa ruwa, ya bar ƙaiƙayi, ya gauraya irin shinkafa FARO 44 da irin Jamila da duk abin da ya saura a masussuka, mai kyan kuma ya kai wa wanda ke biya a kan kari. Iri biyu a buhu ɗaya ba sa jiƙa tare, ba sa casuwa tare, ba sa nuna tare. Uwargida ta dafa, rabi ta caɓe rabi da gari-gari, sunanka ne a jikin buhun.

Saya da kilo, ba da buhu ba, domin buhun shanshera ba shi da girma ɗaya. Fuskar sikelin ta kalli manomi. Idan za ka rage don danshi, rage da lissafin da aka rubuta aka manna a bango: kilo 100 mai danshi kashi 20 daidai yake da kilo 93 a kashi 14. A gwada a gabansa, ya ga lambar da idonsa. Ba da takardar shaida mai ranar biya, ka kuma cika ranar. Ware ɗan ƙarin farashi ga wanda ya kawo iri ɗaya tsantsa mai tsafta, ka faɗi ƙarin tun kafin shuka don ya san abin da yake nema.

Idan kana ba da iri ko taki bashi, rubuta tun farko abin da za a yi idan ruwa ya ci gona. Ambaliyar 2020 ta cinye fadamun jihar nan da yawa, kuma manoma ba sa manta wanda ya ɗaga musu ƙafa zuwa noman rani da wanda ya kai su gaban hukuma. Su ɗin kuma ba baƙi ba ne a kasuwa, ƙanin manomin ne mai awo a Jega.

Mataki na huɗu: ruwan jiƙo, ɓuntu da hayaƙi

Nan ne mafi yawan ƙananan injina suke ɓata da unguwa. Jiƙa buhu ɗaya na shanshera yana cin ruwa sama da lita 100. Idan jiƙon ruwan sanyi ake yi na kwana biyu ko uku, ruwan yana tsami, shinkafar ta ɗauki wari, abin da aka zubar a lungu kuma ya zama kwatami mai sauro. Gyara na farko a tukunyar gumi yake. Wanke shanshera, a kwashe marar ƙwayar da ta taso sama. Jiƙa da ruwan zafi na digiri 60 zuwa 70, a rufe ta kwana ɗaya. Idan zafin ya wuce haka sosai ƙwayar za ta fara dahuwa ta fashe tun a jiƙo. Da safe a tsane, a turara a kan marfi mai huji yadda tururi ne kaɗai ke taɓa ta, har ɓawon ya fara buɗe baki. Shinkafar ta fi haske, warin ya tafi, ruwan da za ka zubar ma bai kai na da ɗoyi ba. Aiki ɗaya ya gyara maka unguwa da kasuwa tare.

Ruwan da ya saura kada ya bi titi. Haƙa rami biyu ko uku a jere, na farko ya tara laka da dusa, ruwan saman ya gangara na biyu, daga nan ya bi ta yashi da tsakuwa zuwa bishiyoyin da ka dasa. Nisansu da rijiya ya kai mita 30, a kewaye su da waya saboda yara da dabbobi, a yashe na farkon akai-akai. Ramin da ba a yashewa wata shida kawai yake yi ya koma abin da aka gudu. Idan injinka yana kusa da gulbi, kada ka bari magudana ta kai can. Ruwan jiƙo yana cinye iskar da kifi ke shaƙa, kuma a ƙasar Kabawa, inda bikin kamun kifin Argungu ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2016, ba ka son a ce kai ne mai kashe kifi.

Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera. Wato duk tan 10 da ka casa, ka tara tan 2. Cinna wa tarin wuta shi ne mafi munin mafita: ba ya ci da harshe, yana hayaƙi ne kwana da kwanaki, tokarsa mai ƙaiƙayi tana sauka a kan shanya da kwanukan maƙwabta. Mayar da shi makamashin gumi. Murhun ɓuntu yana buƙatar rariya mai gangara da bututun hayaƙi mai tsawo don iska ta ratsa, in ba haka ba toka ta shaƙe wutar. Abin da ka rage na sayen itace shi ke biyan kuɗin murhun, ga daji ya huta a yankin da hamada ke matsowa. Ragowar ka sayar wa masu kiwon kaji su yi shimfiɗa, tokar kuma manoma suna so a gona. Dusa daban ce, kada ka gauraya ta da niƙaƙƙen ɓuntu don ta yi yawa. Mai kiwo zai gani a jikin dabbarsa.

Mutanen yankin nan sun san abin da ƙurar sana'a ke iya yi. A 2010 niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara ya jawo gubar dalma da ta kashe yara sama da 400. Ƙurar shinkafa ba dalma ba ce, amma idan maƙwabci ya ce yaronsa na tari, kada ka mayar da shi mai neman rigima. Juya bakin bututun ɓuntu ya daina fuskantar gidaje, ka gina masa ɗaki rufaffe, ka tsayar da awannin da janareta ba zai tashi ba da dare.

Mataki na biyar: ma'aikata

Sa wa bel ɗin injin da ƙafafun da yake juyawa a kansu murfin ƙarfe, babbar riga ko gyale sun isa su ja mutum ciki. Ba da takunkumin hanci, ka sa ruwan sha a inuwa. Kada ƙaramin yaro ya ɗauki buhun kilo 50, ko da shi ya roƙa. Biya ɗan dako a ranar da ya yi aikin. Matan da ke yin gumi da masu sheƙa ɓuntu don tsintar gutsure, a yi musu farashi sananne, kada a bar su a hannun mai gadi. Su ne suke shiga gidajen da kai ba ka shiga, kuma a can ake yanke shawarar shinkafar da maigida zai sayo.

Mataki na shida: sai yanzu kyauta

Idan biyar ɗin can sun tsaya, to ka ware abin da za ka yi wa gari. Ɗaure shi da ciniki don kada ya zama sai ranar da ka ga dama. Misali naira 100 a kowane buhu: idan kana fitar da buhu 300 a wata, naira 30,000 ke nan, 360,000 a shekara. Wannan ba zai gina asibiti ba, kada ka yi alkawarin asibiti. Zai gyara famfunan tuƙa-tuƙa da suka lalace, ko ya sayi benci a makarantar firamare, ko ya yashe magudana kafin damina. Gyaran famfon da ya mutu sau da yawa ya fi haƙa sabo amfani. Idan sabo ne, a naɗa wanda zai kula da shi da asusun gyara tun ranar buɗewa, in ba haka ba bayan shekara allon sunanka ne zai tsaya a kan busasshen famfo.

Zauna da mai unguwa da liman, amma ka aika a ji ta bakin mata daban, su ne masu ɗibar ruwa. Ka guji rabon kaya a lokacin zaɓe, za a ba shi wata fassara. Zakka kuma ba ta cikin wannan lissafi, wajibi ce mai mutanenta, ba a mayar da ita talla. Idan za ka raba shinkafa da azumi, ta zama irin wadda kake sayarwa, ba sharar sito ba, kuma kada a ɗauki hoton fuskar mabuƙaci.

Mataki na bakwai: abin da za ka faɗa da wanda za ka bari

Mutanenmu suna ƙyamar riya, don haka raba abu biyu. Sadakarka tsakaninka da Allah ce. Amma nauyin buhu, yadda kake adana kaya, inda ka sayo shanshera da abin da kake yi da ɓuntu, haƙƙin mai saye ne ya sani. Faɗi abin da za a iya gwadawa: "kilo 50 cif, auna a gabanmu", "daga manoman Augie", "da ɓuntu muke gumi, ba da itace ba". Kada ka rubuta "babu sinadari" alhali an zuba taki da maganin ciyawa a gonar. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana bayanin yaudara a kan kaya. Kamfanin Volkswagen ma da girmansa, da aka gano a 2015 ya sa wa motoci kusan miliyan 11 manhajar ɓoye hayaƙin da suke fitarwa, biliyoyin daloli ya biya.

Tallan da ya fi aiki shi ne ka gayyaci masu awo goma su zo injin, su ga wurin shanya, su zaɓi buhun da suka ga dama su ɗora a sikeli. Gani ya kori ji. Ɗan gajeren bidiyon wannan awon a WhatsApp ko Facebook, ba kiɗa ba kirari, ya fi dogon jawabi a rediyo. Ga manyan masu saye kuwa takarda ce ke magana: rajistar kamfani, ta NAFDAC, da littafin gwajin danshi na kowane rukuni.

Mataki na takwas: duba ko yana biya

Kada ka sa ran za ka ɗora farashi sosai a kan na maƙwabcinka. Ribar tana zuwa ne ta wata ƙofa: kaya ba sa kwana a sito, dillali ya dawo ba tare da an bi shi ba, an fi biyanka hannu da hannu, manoma suna kawo maka mai kyau. Buɗe littafi mai layi huɗu: sunan mai saye, buhu nawa, ya dawo ko bai dawo ba cikin wata biyu, da ƙorafin da ya kawo. Duba shi bayan kowane wata uku, ka kwatanta wata da irinsa, domin cinikin azumi da na kaka ba ɗaya ba ne. Wanda ya daina zuwa, kira shi ka tambaya.

Wata rana kuskure zai faru, rariya ta yage ko wani rukuni ya jiƙe a mota. A nan lambar rukuni take aiki. Duba littafi ka ga shagunan da rukunin ya je, ka kira su kafin su kira ka, ka aika mota ta kwaso, ka musanya buhu da buhu ba tare da jayayya ba, kuɗin dako a kanka. Abin da aka dawo da shi a ware shi a wuri daban, a sake gyarawa idan tsakuwa ce, a fitar da shi daga abincin mutane idan fumfuna ce. Sannan ka rubuta a littafin abin da ya jawo matsalar da ranar da aka gyara injin.